Ga mai shirin zuwa Danmak: abin da na gani da idona

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi tsokaci a kan rubutun da kuka buga kwanakin baya, wanda ya ce mutanen Danmak na cikin waɗanda suka fi kowa jin daɗin rayuwa a duniya. Ba ƙarya aka yi ba, sai dai rubutun ya yi gajarta. Tun ranar da ya fito, duk daren da na zauna a majalisarmu ta bayan isha'i a nan Agege sai samari sun tare ni da tambaya, don sun san na taka ƙasar. Ana cikin haka ɗan maƙwabcina ya samu gurbin karatu a can, mahaifiyarsa ta aiko a tambaye ni rigar sanyi nawa za a saya masa. Na ce a gaya wa Hajiya rigar sanyi ita ce mafi sauƙi a cikin abin da yaron zai tanada. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ni haifaffen Agege ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, dillalin shanu ne da ya sauko daga Haɗeja tun yana saurayi. Ni kuma aikina gyaran injin sanyi na kwantena a tashar jiragen ruwa ta Apapa. Sau biyu na je Danmak. Na farko wurin aiki ne suka tura mu horo na mako shida, daga Nuwamba zuwa Disamba. Na biyu ziyara ce ta mako biyu a watan Yuni, wurin ƙanena da ke karatun aikin gona a birnin Aarhus, wanda su can suke furta shi kamar Ohus. Wallahi da ba don sunayen tituna ba, da na ce ƙasashe biyu na je.

Mu mutanen Legas mun daɗe muna cuɗanya da ƙasar nan ba mu sani ba. Kwantenonin nan masu farin tauraro mai tsini bakwai a kan shuɗi, da ke toshe mana hanyar Apapa zuwa Oshodi, na kamfanin Maersk ne, wanda aka kafa a Danmak a 1904. Madarar Dano da mai shayi ke zuba mana da safe ta kamfanin Arla ce, mai hedikwata a Aarhus. Hatta Bluetooth ɗin wayarka laƙabin wani sarkinsu ne, Harald, wanda ya haɗa kan ƙasar kuma ya shigar da ita Kiristanci wajen shekarar 965. Mutanen Adamawa kuwa sun san likitan mishan ɗin nan Niels Brønnum da ya sauka Numan a 1913.

Ƙasar ƙarama ce. Faɗinta murabba'in kilomita dubu 43 ne, wato ba ta kai jihar Kaduna ba, mutanenta kuma wajen miliyan 6, ko rabin na Legas ba su kai ba. Yanki ɗaya, Jutland, shi ne a manne da Jamus, sauran duk tsibirai ne. Babu dutse babu tsauni, tudunsu mafi tsawo mita 171 ne kacal, kuma duk inda ka tsaya a ƙasar teku ba ta wuce kilomita 52 daga gare ka ba. Wannan shimfiɗar ce ta sa iska ba ta da abin da zai tare ta.

Kowa sanyi yake tsoro, amma ni duhu ne ya fi gigita ni. A Disamba rana ba ta fitowa a Kwapanhagan, babban birnin ƙasar, sai wajen takwas da rabi na safe, kafin ƙarfe huɗu na yamma kuma ta faɗi. Fitowar ma ba irin tamu ba ce. Tana raɓe ne can gefen sama, galibi a bayan gajimare mai launin toka, har a yi mako ba ka ga inuwarka ba. Cikin duhu nake fita, cikin duhu nake komowa. A mako na uku sai na ji wata kasala ta sauko mini, barci ba ya isa ta, abinci ba ya yi mini daɗi, ina ta tunanin gida ba gaira ba dalili. Wani ɗan Somaliya da muka saba gaisawa a masallaci ya dube ni ya ce, ɗan'uwa, rashin rana ne ke damun ka. Ya sa na sayi ƙwayar bitamin D a kantin magani, ya kuma ce duk ranar Allah in fita in yi tafiyar rabin awa da tsakar rana ko da ana yayyafi. Na bi shawararsa, na kuwa ji sauƙi. Su kansu 'yan ƙasar abin na taɓa su, shi ya sa za ka ga kyandir a kunne a tagogi da teburan cin abinci har da rana. Suna da kalma, hygge, ta zaman natsuwa a ɗaki mai ɗumi da 'yan'uwa ko abokai, ga shayi ko kofi. Kafin in je na ɗauka ƙawa ce kawai. Da na sha duhun Disamba na gane magani ne suka yi wa kansu.

Sanyin kansa bai kai na Rasha ba. A Janairu da Fabrairu ma'auni yana yawo ne kusa da sifili, ƙanƙara takan sauka ta narke. Abin da ke cutarwa shi ne iska mai laima daga teku, wadda ke ratsa riga ta shiga ƙashi. Kada mutumin Jos ko na Kano ya ce ai ya san hunturu. Namu busasshe ne, da hantsi ya sake ka. Nasu jiƙaƙƙe ne, kuma ba ya saki. Ruwan sama ma ba shi da damina ba shi da rani, ko yaushe yana iya sauka.

A Yuni kuwa komai ya juye. Rana na fitowa tun huɗu da rabi na asuba, ba ta faɗuwa sai kusan goma na dare, zafi kuma bai cika wuce digiri ashirin da 'yan kai ba. Mutanen da na bari a ƙudundune sai ga su a baje a kan ciyawa, wasu na iyo a cikin ruwan tashar jiragen ruwa, a tsakiyar birni, saboda tsabtarsa. Ni da na yi shekaru ina kallon ruwan Apapa, na daɗe a tsaye a wurin.

A nan ne Musulmi zai yi hattara da lokutan salla. A Disamba azahar na shiga da sha biyu da 'yan mintoci, la'asar wajen ɗaya da rabi, magariba kafin huɗu. Salloli uku a cikin awa uku da rabi, kuma duk a tsakiyar lokacin aiki. In ba ka yi magana da shugaban wurin aikinka tun ranar farko ba, za ka wayi gari kana tara salla. Ni da na faɗa, ba a yi mini musu ba, aka nuna mini wani ɗan ɗaki da ba kowa. A tsakiyar bazara kuma jan shafaƙi ba ya ɓacewa sosai har alfijir ya keto, don haka masallatai ƙiyasi suke yi wa isha'i da asuba, kuma jadawalinsu yakan bambanta. Ka zaɓi masallaci ɗaya ka bi shi. Ƙanena ya ce waɗanda suka riga shi zuwa, da azumi ya same su a Yuni, sun kai awa goma sha tara ba su sha ruwa ba. Akwai babban masallaci mai hasumiya a Kwapanhagan da aka buɗe a 2014, ga kuma ƙanana da yawa a unguwar Nørrebro. Amma ba za ka ji kiran salla a titi ba, wayarka ce ladaninka.

Sai abinci. Aladun ƙasar sun ninka mutanenta kusan sau biyu, kuma naman na shiga inda ba ka zato. Ka haddace kalma biyu, svin da gris, duka alade suke nufi. Dunƙulen naman da suke kira frikadeller da kuma niƙaƙƙiyar hantar da ake shafa wa burodi, leverpostej, galibi da shi ake yin su. Kaza kylling ce, naman sa oksekød, kifi kuma fisk. Tun 2014 dokarsu ta hana yanka dabba ba tare da an sumar da ita ba, saboda haka mai tsantseni ya tambayi mahauci yadda aka yi da naman da aka rubuta wa halal. A titin Nørrebrogade da kasuwar Bazar Vest ta Aarhus akwai shagunan Larabawa da Turkawa da 'yan Somaliya, har attaruhu da kuɓewa na samu. Abincin ranarsu baƙin burodi ne mai nauyi da ɗan tsami, rugbrød, a ɗora masa kifi ko ƙwai ko dankali a ci da sanyinsa. Kwana goma na yi kafin ya karɓe ni, yanzu kuwa har kewarsa nake yi. Ruwan famfo ana shan sa kai tsaye, kada ka ɓata kuɗinka a kan na roba.

Kwapanhagan, ma'anar sunan tashar 'yan kasuwa, birni ne da ake ganewa da ƙafa. Daga filin jirgi zuwa tsakiyar gari kwata ɗin awa ne a jirgin ƙasa. Ka ga Nyhavn mai jerin gidaje kala-kala a bakin ruwa, ka ga lambun wasanni na Tivoli da ke nan tun 1843, ka je fadar Amalienborg da sha biyun rana lokacin da dogarai ke canjin gadi. Sarki Frederik na 10 ne a kan gado tun 14 ga Janairun 2024, da mahaifiyarsa Sarauniya Margrethe ta sauka don kanta bayan shekara 52. Sarauta ce ta girmamawa, mulki na hannun majalisa mai kujera 179, tsarin mulkinsu na farko kuma a 1849 aka yi shi. Gargaɗi ɗaya: tsakanin titin mota da na masu ƙafa akwai hanyar keke, kada ka kuskura ka tsaya a kanta. Masu keken nan da gudu suke tafe, manyan ma'aikata da kwat, iyaye mata da yara biyu a akwatin gaba, kuma suna da gaskiya a doka. Daga can zuwa Aarhus awa uku ne a jirgin ƙasa, za ka ratsa mashigin Storebælt mai kilomita 18, wanda ya ɗara gadarmu ta Third Mainland, ka wuce Odense, birni na uku. Aalborg na can arewa, ban kai gare shi ba.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ba a birni na gan shi ba. A zuwana na biyu ƙanena ya kai ni gonar wani manomi da yake koyon aiki a wurinsa, a yammacin Jutland. Shanu kusan ɗari biyu, mutum uku ke kula da su. Kowace saniya da lambarta a kunne, an san uwarta, an san abin da ta ci da madarar da ta bayar. Tankar ɗaukar madara ta zo muna tsaye. Na tambayi dattijon ko nawa kamfanin ke saye a wurinsa, sai ya yi murmushi ya ce ai kamfanin nasu ne, shi da dubban manoma irinsa suka mallake shi.

A teburin girkinsa, muna shan kofi, ya ba ni tarihin. A 1864 Danmak ta gwabza da Furusiya, wata tsohuwar daular Jamusawa, da Ostiriya, aka ci ta da yaƙi, ta rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasarta. Ba a jima ba kuma hatsi mai araha daga Amurka da Rasha ya cika kasuwannin Turai, noman hatsi ya daina biyan manomi. Ƙasa ta ragu, kasuwa ta mutu. Suna da wata magana ta wancan zamani, cewa abin da aka rasa a waje a ciki za a nemo shi. Manoma suka koma kiwo. To injin da ke raba man shanu da madara ya fi ƙarfin aljihun mai saniya uku. Sai a 1882 manoman wani ƙauye, Hjedding, suka haɗa kai suka ci bashi tare suka kafa wurin sarrafa madara na gamayya. Kowa ya kawo tasa, a auna, a biya shi gwargwadon abin da ya kawo, ribar ƙarshen shekara a raba. Wajen yanke shawara kuma al'adar da ta kafu ita ce mai saniya biyu da mai hamsin ƙuri'a ɗai-ɗai gare su. Ya ce kawunan mutane ake ƙirgawa, ba kawunan shanu ba. Cikin shekara ashirin irin waɗannan wurare suka haura dubu, man shanun Danmak ya mamaye teburan Ingila. Ya ƙara da cewa abin bai yiwu ba sai don manoman sun iya karatu da lissafi, domin tun 1814 aka wajabta wa kowane yaro makaranta. Mai iya duba littafin awo da kansa ba a cutar sa, shi ya sa ya yarda ya zuba madararsa a tukunya ɗaya da ta maƙwabcinsa. Man fetur ɗin tekunsu sai a shekarun 1970 ya fito, ya tarar da su da arzikinsu.

Malam Edita, a wurin nan hawaye suka zo mini. Na tuna mahaifina da tirelolin shanun da ke kwana biyu ko uku a hanya daga Arewa zuwa mayankar Oko-Oba ta nan Agege, wasu su iso a mace. Na tuna matan Fulani da ke yawo da ƙwarya a rana, nonon da bai ƙare ba ya lalace, alhali mu a Legas garin madarar da aka yo wa jirgin ruwa muke sha. Shanu muna da su, sanin kiwo muna da shi tun kaka da kakanni, adashi ma mun iya. Yanzu da Arla ta buɗe gona a Damau ta jihar Kaduna a 2023, fatana kada mu tsaya kallon shanun da injinan. Mu tambayi yadda aka yi manoma suka zama masu kamfani.

Wannan yarda da juna ta ratsa komai nasu. A hanyar komowa daga gonar muka ga rumfa a bakin titi, ga sabon dankali, ga ƙwai, ga farashi a rubuce, ga akwatin kuɗi, babu mai tsaro. A birni uwa kan bar jaririnta yana barci a keken turawa a ƙofar shagon shayi, ita tana ciki tana hango shi. A jirgin ƙarƙashin ƙasa babu shingen karɓar tikiti, babu ma direba, sai dai in mai dubawa ya same ka babu tikiti, tarar mai zafi ce, kuma roƙo ba ya aiki.

Jin daɗin da jaridarku ta ambata da kuɗinsu suka saye shi. Harajin kaya kaɗai kashi 25 cikin ɗari ne, na albashi kuma na cikin mafi tsanani a duniya. Da shi ake ganin likita kyauta, da shi 'ya'yansu ke jami'a kyauta har a ba su kuɗin kashewa. Ɗalibi daga Najeriya kuwa zai biya kuɗin makaranta in ba tallafi ya samu ba, mai ziyara kuma sai da inshorar lafiya. Kuɗinsu kurona ne, ba yuro ba, ko da yake suna cikin Tarayyar Turai tun 1973, kuma kusan komai da kati ake biya. Tsadar ta wuce misali. Samari su ji da kyau: wanda ya shiga da bizar ziyara ya ɓuya, babu aikin bayan fage da zai riƙe shi, domin banki da ganin likita kyauta duk sai da lambar zama ɗan ƙasa ko mazauni.

Halinsu ma sai an yi haƙuri. Ba a gaisuwa mai tsawo, ba a tambayar iyali da gajiya. Za ka shiga jirgi cike da mutane ka ji tsit. Ba ƙiyayya ba ce, su a wurinsu ƙyale mutum girmama shi ne. Yaro na kiran malaminsa da sunansa, ma'aikaci na kiran shugabansa haka, abin da ya yi mini nauyi ƙwarai, ni da ban taɓa furta sunan mahaifina a gabansa ba. Ba a zuwa gidan mutum sai da sanarwa, in kuma an ce ƙarfe shida to shida ake nufi. In an gayyace ka, ka cire takalmi a ƙofa kamar yadda muke yi, bayan cin abinci ka ce tak for mad, wato na gode da abinci. Giya na cikin kusan kowane taronsu, musamman liyafar Kirsimeti ta wurin aiki. Ka faɗa a sarari ba ka sha, za a kawo maka lemo. Turanci kuwa kusan kowa na ji.

Ba zan rufe wa masu karatu ɓangaren da ke da ɗaci ba. A wannan ƙasa ce wata jarida ta buga zanen ɓatanci ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, a Satumbar 2005, abin da ya ƙona zuciyar kowane Musulmi, har aka rasa rayuka a Maiduguri a Fabrairun 2006. Da wannan ciwon na sauka ƙasar, kuma bai bar ni ba. A 2023 wasu suka riƙa ƙona Alƙur'ani a gaban ofisoshin jakadanci, sai a Disambar shekarar majalisa ta yi dokar da ta haramta wulaƙanta littattafan addini a bainar jama'a, da hukuncin da zai iya kai ɗaurin shekara biyu. Tun 2018 an hana rufe fuska a waje, don haka mai niƙabi ta sani, hijabi dai ba a hana ba. Ni kaina wata rana a bas wani mutum ya dubi hulata ya faɗi magana da harshensu, wadda ban ji ba amma na gane daga fuskarsa. Wata tsohuwa ce ta tsawata masa, ta matsa ta ba ni wuri kusa da ita. Duka biyun 'yan Danmak ne. Mutanen Danmak na da hannu kuma a cinikin bayi: fadar Osu da ke Akra ta Gana a da tasu ce, daga nan suka yi ta lodin mutane zuwa tsibiransu na Karibiyan, kafin su sayar wa Ingila da sansanoninsu a 1850.

Ga abin da na lissafa wa Hajiya. Riga ɗaya mai tare iska da ruwa, amma a bari ya saya a can, don na kasuwar Katangowa ba duka ke jure iskar teku ba. Daga nan a haɗa masa rigunan ciki masu ɗumi, safar ulu, man shafawa mai kauri, yaji, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa da ɗan garin kunu. Kada a saka kilishi ko man shanu, dokar Tarayyar Turai ta hana shiga da nama da kayan madara, za a ƙwace a filin jirgi. Babu jirgin da ke zuwa kai tsaye daga Legas, zai sauya a Istanbul ko Amsterdam ko Frankfurt. Na kuma ce mata daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogonmu da nasu ɗaya ne, sauran watanni suna gaba da awa guda. Ta riƙa kiran sa da la'asar ɗinmu a watan Disamba, domin a lokacin shi dare ya riga ya rufa masa.

Na gode da filin da aka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naku,
Mai karatunku a kullum,
daga Agege, Legas